Fuskar Duna, Fuskar Baba

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu.

Duk wanda ya ce muku karenmu jifa ya tare mana, bai san zancen ba. Ba jifa ba ne. Ku bari in faɗa da bakina.

Da yawanku kun je jana'izar Babana. Amma ni ce na ga fuskarsa. Ya dawo daga gona leɓɓansa sun kumbura, idanunsa sun rufe, yana jan numfashi kamar an shaƙe shi. Kafin a samo Keke Napep ya cika. Kowa ya ce hannun mutum ne.

Tun daga nan tsoro ya zauna mini a ƙirji. Ko tari ƙanwata Rifkatu ta yi, sai in ruga in duba fuskarta.

Ran nan da rana tsaka, Duna, karen Baba, ya fito daga bayan ɗakin girkinmu a unguwar Madaki. Fuskar nan ce! Irinta sak!

Mama ta ɗora hannu a ka. "Sun dawo! Saratu, kar ki taɓa shi!"

Na durƙusa a tsakar gida. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji da tsoro. Nuna mini mene ne wannan." Na tashi na sure Duna a zani, sai asibitin dabbobi.

Likitan dabbobi ya duba hancinsa, ya ce, "Rina ce ta harbe shi, jininsa bai ɗauka ba. Borin jini ke nan." Ya yi masa allura, ya ɗora shi a ma'auni, sannan ya ba ni ƙwayar maganin ƙaiƙayi daidai nauyinsa. "Kar ki kuskura ki ba shi maganin mura na mutane. In kuma numfashi ya toshe, ƙwaya ba ta isa ba, ki rugo."

Na ce, "Likita, yana kama mutum?"

"Yana kashewa ma."

Kafin yamma Duna ya buɗe ido, ya sha ruwa. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ina ganin Baba a bakin ƙofa da fuskar nan. Sai dai na daina dube-duben wa ya aiko.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, yana amsawa.

Rifkatu kuwa, ko cinnaka ne ya cije ta, hannunta yakan yi suntum. Gobe zan kai ta asibiti. Mama ta ce a bari sai an gama azumi. Ba zan bari ba.