Ekurun Faransa a Moton Kumasi

Lado: Alo! Djougou ce? Alo! Baƙo?

Baƙo: Na'am! Wa ke magana? Ɗaga murya!

Lado: Lado ne, daga Parakou. Salamu alaikum.

Baƙo: Wa'alaikumus salam, makaniken Zongo, ɗan goggona! Ina gajiya?

Lado: Ba gajiya. Ya iyali? Ya kasuwar nama?

Baƙo: Da godiya. Ya Memuna da yara? Ya ruwa?

Lado: Ruwa ya yi gyara.

Baƙo: Madalla. Daga kan teburin nama aka kira ni gidan waya, hannuna duk kitse. Moton nan, babur ɗin ubana, ya tashi ke nan?

Lado: Ya tashi ina! Baƙo, tsakaninka da Allah, wa ya taɓa ƙafar gaban moton nan? Zaren ya cinye.

Baƙo: Zare? Tela na kai wa ko makanike?

Lado: Zaren ƙarfe, kai mahauci! Layukan nan na jikin sandar taya, inda ekuru, wato noti, ke kamawa ya riƙe ta.

Baƙo: Ekurun sabo ne fil! Ni na saya wurin Tambaya, na ɗaura da hannuna.

Lado: Da hannunka ko da guduma?

Baƙo: Ya ɗan yi tauri, na taimaka masa.

Lado: Ka taimaka masa! Daga Kumasi Kawu ya taho da moton nan lokacin fataucin goro. Ƙirar Ingila ne, zarensa na Ingila. Kai kuma ka ɗauko ekurun Faransa ka danna masa. Ba sa jin yaren juna!

Baƙo: Ƙarfe ma yana da yare? Oho! Turawa sun tattara sun tafi, sun bar mana rigimarsu cikin ekuru.

Lado: Dariya ma kake yi? Yanzu da yatsa kawai na maƙala shi. Duk wanda ya hau moton nan, bai kai Tourou ba taya za ta yi gabas, shi ya yi yamma.

Baƙo: Me ka ce? Tourou? Wayar nan sai ƙara take kamar ana suya. Alo!

Lado: Na ce ina tsohon ekurun, na ainihin?

Baƙo: Wannan mai tsatsar? Inno ta ɗaure shi a bakin guga, don ya riƙa nutsewa da sauri.

Lado: A guga! Na zaga Titirou, na zaga Zongo, na zubar da gwangwanin kowane makanike a ƙasa ina tona, har ina shirin aikawa Ilori, ashe abin yana gidanku yana jan ruwa!

Baƙo: Kai, kada ka yi mini ihu. Moton ubana ne. Tun kafin azumi yake wurinka, ni kuwa ina bin kasuwar shanu a bayan motar doya!

Lado: Kawuna ne ni ma! Shekara da shekaru yana hawansa ko ƙusa ba ta ɓata ba, kai ka kashe shi da guduma. Bon, je ka kwance shi daga gugan, ka ba direba. Zan bi zaren da magagari a hankali, ko Allah zai sa ya kama.

Baƙo: Wane direba kuma? Ai moton zai zo gida yau, sai ka biyo shi ka gyara a nan.

Lado: Zai zo yaya?

Baƙo: Ƙanena Mamuda ya taho da sassafe. Zai ɗauki moton, ya biya unguwar Albarika gidan ƙanwata Rabi'atu ya ɗauko Inno, ta gama taya ta zaman jego.

Lado: Baƙo! Ba ka ji abin da na ce ba? Da yatsa na maƙala ekurun! Tayar za ta fita!

Baƙo: Za ta me? To, ka hana shi mana!

Lado: Tun hantsi nake layi a gidan waya! Garejin a buɗe na bar shi!

Baƙo: Innalillahi! Ni kuwa na ce masa ko bai same ka ba ya ɗauka, ai na gida ne. Lado? Lado! Bi ta Albarika! Alo! Madamazel, don Allah kada ki yanke, uwata ce a bayan moton! Alo!