Farashin Ran Maitama

JIDDA: Salamu alaikum. Ɗanliti, kai ne?

ƊANLITI: Wa alaikumus salam! Matar Yaya! Ina wuni? Au, ku can Amurka safiya ce ko?

JIDDA: Hantsi ne. Ya Zariya? Ya yara?

ƊANLITI: Lafiya lau. Ya ƙarin haƙurinmu?

JIDDA: Haƙuri da godiya.

ƊANLITI: Allah ya jiƙan Yaya, ya sa... alo? Alo?

JIDDA: Amin, ina jin ka. Saurara, katin minti goma na saya. Bara na rasa yayanka, watan jiya na rasa gidanmu na unguwar Largo. Abin da na samu ɗaki guda wajen 'yata Shamsiya da mijinta a Takoma Park, sai littattafan da ya cika da rubutu, goma sha ɗaya.

ƊANLITI: Tatsuniyar nan tasa ta Bature?

JIDDA: Kul! Shekara tara yana tuƙa tasi yana rubuta ta. Labarin yaƙin basasa ne, amma yadda ya kamata ya kasance. Ya ƙirƙiro wani ministan Ingila, Alexander, ya sa shi zarya tsakanin Legas da Inugu har aka ajiye bindiga a wata na huɗu.

ƊANLITI: Yaƙin da aka yi wata talatin ana yi? Kai, Yaya! To ke da ba ki iya karatu ba...

JIDDA: Kunnena ma bai iya ba? Shi ke karanta mini. Baturen nan da bakina yake ciniki. In an taya masa sulhun banza, sai ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, yadda nake wa 'yan Kantin Kwari.

ƊANLITI: Lallai sojoji sun sha wuya.

JIDDA: To wata Pauline, 'yar Jos, mai aiki a kamfanin buga littattafai a Alexandria, nan kusa da mu, ta karanta. Suna so su fitar da shi da Turanci. Dala dubu goma sha biyu suka taya.

ƊANLITI: Nawa? Layin ya... dubu nawa?

JIDDA: Sha biyu.

ƊANLITI: Allahu Akbar! Ai sai ki kama gidanki, mu ma a ɗan tuna da mu. Kin sallama?

JIDDA: Da sharaɗi suka zo. Ka tuna Maitama, wana uwa ɗaya uba ɗaya?

ƊANLITI: Sojan da bai dawo ba.

JIDDA: Ina 'yar shekara tara ya tafi. Ko gawa ba mu gani ba, sai bargonsa. A littafin kuwa ya sauka a tashar jirgin ƙasa da ƙafarsa, ya yi aure, ya tsufa yana sayar da taya. Su kuma wai a kashe shi ana gobe sulhu, Baturen ya tsaya a kansa yana hawaye. Wai abin da masu karatu ke so ke nan.

ƊANLITI: Haba matar Yaya, takarda ce fa! Mutum ya shekara arba'in a ƙasa...

JIDDA: An kashe mini shi sau ɗaya ba a tambaye ni ba. Na biyun kuma da sa hannuna?

ƊANLITI: Ki yi tunani. A ɗakin suruki kike kwana.

JIDDA: Na sani. Sanɗa nake yi in zan wuce falonsa. Sau uku na je wajen Pauline, har kuka ta yi, ta ce ba ita ke yankewa ba. In Maitama zai rayu, kaɗan za su buga, kuɗin ma kaɗan.

ƊANLITI: Ki dakata, kada ki sa hannu sai mun...

JIDDA: Na dangwala tun jiya.

ƊANLITI: Inna lillahi! A kan nawa?

JIDDA: Ɗari takwas suka ce. Na ja su har la'asar.

ƊANLITI: Nawa, Jidda?

JIDDA: Dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma wana ya sauko daga jirgi da ransa.

ƊANLITI: Dubu ɗaya da... alo? Alo!