Gilashin Motar Dogo

A wani gareji a Bahri, Dogo na zaune yana fifita da hula, kusa da wata tsohuwa mai jiran a gyara motar ɗanta.

"Iskar sanyin motarka ce ta ƙare?" in ji ta.

"Irin ta zamanin da take sha, Hajja. Sabuwar ko bakin bututunta bai shiga ba."

"Yaushe ta ƙare?"

"Haka na saye ta."

"Au! Kai ne mai ratsa unguwar Mayo da rana tsaka, gilashi a rufe? Ashe dahuwa kake yi!"

"Mutunci ne, Hajja. Gobe ma surukata zan ɗauko daga asibiti a Soba. Na ce mata motar ƙanƙara ce."

"To, ɗan nan, ka ce su ajiye mata gadonta."