Lulluɓaɓɓen Keji

Safiyar Lahadi a birnin Solo, Sutrisno na jiran motar zuwa filin da dattawa ke rataye kejin kurciyoyinsu su saurari kuka. Wani tsoho riƙe da lulluɓaɓɓen keji ya leƙa kejin kurciyar da ke hannun Sutrisno.

"Ɗana, an cuce ka. Wannan ai mace ce, namiji ke da murya."

"Na sani, Baba."

"To, ina za ka kai ta?"

"Tunda aiki ya kawo ni garin nan, in na tashi ofis ba ni da wanda zan ce wa sannu. Na je filin hannu rabbana, babu wanda ya kula ni. Mai keji kaɗai ake matsa wa a benci." Ya sunkuyar da kai. "Za su yi mini dariya, ko?"

"Sosai ma! Suna dariyar suna zuba maka shayi."

"Naka fa, yana kuka?"

Tsohon ya ɗaga gefen ƙyallen. Babu komai a ciki.

"Ya mutu tun bara, kuma duk sun sani. Amma har yau in na isa, sai su matsa mini su ce, 'Ya jikin tsuntsun?' Taso, ga motarmu."