Takardar da Ba a Bi Ba

A tashar motar Madalla, ana jiran bas ta cika, Malam Sabo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya leƙa wayar matar da ke gefensa.

"Hajiya, me ke ci da wuta haka?"

"Roka ce, Baba. Wai wata jiha a ƙasar waje ta ware kuɗin gina filin harba kumbo, har da titi da lantarki."

"Jiha fa? Mu da ruwan famfo ya gagara!"

"Ai ba masu basira muka rasa ba. Yayana malamin kimiyya ne a Bagama. Ya taɓa haɗa ƙaramar roka da bututun ruwa, ta tashi har ta wuce mangwaron makaranta. Ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati takardar neman tallafi, shiru. Yanzu janareta yake gyarawa."

"Ya bi takardar kuwa?"

"Bi kamar yaya?"

"Ya je ofis ya gaisa, ya koma gobe, ya koma jibi."

"Cewa ya yi in abin kirki ne, za su kira shi."

Malam Sabo ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Shekara talatin na yi a teburin karɓar takardu," ya ce a hankali. "Wadda mai ita bai zo ba, ƙasan kabad muke tura ta. Cewa muke in da gaske yake, ai zai zo."

"Amma dai kuna karantawa?"

"Ko buɗewa ba na yi, 'yata."