Hantar da Ba Ta Rage Wuta

A bencin jiran likita, wata tela siririya kamar tsinke ta kafa wa wata ƙatuwar mata ido. Matar na ɓare dafaffen ƙwai hankali kwance. Tela ta so yin tsaki, sai ga shi yawu ta haɗiye.

"Baiwar Allah, har a asibiti? Ba kya tsoron maiƙon jini?"

"Kolestarol? An auna ni, yaya, tas nake. Maigida na rako."

"Tas? Da wannan jikin?" Tela ta gyara zama. "Ni rabona da gwaiduwa tun ina amarya. Kitsen nama kyanwa nake jefa wa. Amma nawa ya hau, wai in ban sha magani kullum ba, jijiyar zuciyata za ta toshe."

"Ayya. Ai likita ya ce yawancinsa hanta ke dafawa da kanta. In kin ci da yawa ta rage wuta, in kin rage ta ƙara."

"To, tawa ba ta san rage wuta ba. Wai gado ne, shi ya kashe babanmu."

"Allah ya jiƙansa. 'Yan'uwanki fa?"

"Ƙanena? Garau yake, tumbi har gwiwa." Ta harari ƙwan. "Ke dai a sake auna ki, na'ura ma tana ƙarya."

"Sau biyu aka yi, yaya."

Tela ta yi ƙwafa, ta juya wa ƙwan baya.

"Ki ji adalcin tsohonmu. Shago ya bar wa ƙanena, ni kuma ya bar mini hantarsa."