Dawar da Mama Saratu ta kai coci da sunana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki? Ni ne Isiyaku, mai loda kayan alhazai a tashar Kudai, nan Makka.

Da mahaifiyata ta rasu a Numan, maƙwabciyarmu Mama Saratu, 'yar cocin Lutheran, ita ta riƙe ni. Ita ke tashina sallar asuba. Bara ta kira ni ina cikin abokan aiki, ta ce, "Ɗana, Yesu ya tsare ka." Wani ya jiyo, ya ce, "Wace ce wannan?" Na ce ban san ta ba, sannan na kashe wayar. Ta ji ni sarai. Tun ranar ban kira ta ba.

Jiya ɗanta Bulus ya turo saƙo, wai ranar godiyar kaka ta kai kwandon dawa coci da sunana. Ya ce mata, "Mama, wanda ya ce bai san ki ba?" Ta ce, "Bulus, Allah bai jira mun cancanta ba ya yi mana alheri, kyauta ce. Ni ce zan jira wayar Isiyaku?"

Malam, wallahi kunya ta hana ni cin abinci. Lambarta na gabana. Masu sauraro, da wace kalma zan fara?